Sunaye Bakwai da Suka Ɓata a Sabon Allo

Unguwar Hajji, Karaye
Juma'a, 12 ga Janairu, 2024

Zuwa ga Nuriyya Nasiru,

Ranar Litinin, 14 ga Agusta, 1995, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, kakanki Mu'az ya sa hannu a takardar da ta raba ni da aikina. Na fara da wannan ne don ki san wanda kike rubuto wa. Yanzu sai mu gaisa.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya Nasiru da mahaifiyarki, ya sauran mutanen gida? Ni alhamdu lillahi. Gwiwar hagu ce take yi mini gardama, ido kuma sai da gilashi, amma ana cin tuwo.

Takardarki ta iso ta hannun Audu direba, mai jigilar Kano da Karaye. Kin ce kin nemi lambar wayata ba ki samu ba. Ba za ki samu ba, don ba ni da ita. Maganar da ba a sa ta a takarda ba iska ce. Kin kuma ce ba ki san yadda muke da ku ba. Uwata da uban Mu'az ciki ɗaya suka fito. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, taubasai ke nan. Ke kuwa jika ce. Da zumunci ya tafi daidai, da tuni ina ce miki amarya kina ce mini tsohon banza.

An ce za a rage ma'aikata a Shirin Adana Iri, Mu'az ne mai riƙe da ofishin ma'aikata, sai ya fara da ni don kada a ce ya yi son kai. Ni da na yi Zariya, aka tura ni Ingila wata tara don in koyo injin kwamfutar ofishin kaɗai. Da yamma ya zo gidana yana wasa, wai ɗan mace ya huta da sammako. Tun daga ranar ko a jana'iza muka haɗu, sai in koma ƙarshen sahu.

Yanzu ga shi Allah ya kai jikarsa wannan ofishi. Kin ce kin buɗe wata tsohuwar tambaya a rumbun bayanai kin ga an rubuta "A. Sulle, 1992" a samanta, kuma an ce ki juya ta daga harshen kwamfuta na SQL zuwa wani abu wai shi DAX, don ta hau sabon allon rahoto. Ni ne A. Sulle. Ban zaci tana raye ba. DAX kuwa ban taɓa jin sunansa ba.

A ɗakin bene na rubuta ta. Shi kaɗai yake da na'urar sanyi a duk ofishin, ba don mu ba, don injin. Takalmi ake cirewa a bakin ƙofa kamar za a shiga masallaci. Haruffan koraye ne a kan baƙin gilashi. In na buga tambaya sai in je in sha shayi in dawo, in tarar amsa tana fitowa layi bayan layi, kamar shuka bayan ruwan fari. Har yau in na kishingiɗa a gindin darbejiyar ƙofar gidana bayan la'asar, ido ya lumshe, sai in ga haruffan nan suna tsirowa a kan ruwan madatsar Kusalla. Beli ta fito, Ruwan Bago ta fito, kowane ƙauye da mutanensa a jere, shiru, suna jiran a kira su. Sai akuya ta yi kuka in farka.

Ga aikin da take yi, tun da na ga alama ba wanda ya gaya miki. Tebur biyu ne. Ɗaya na sunayen manoman da suka yarda su riƙe mana tsohon iri a gonakinsu, dawa da gero da wake da gyaɗa, su shuka kowace damina don kada ya mutu. Ɗayan na rahoton girbi ne da malaman gona suke kawowa. Tambayar tana haɗa su ta fitar da jerin gidajen da motar ofis za ta zagaya bayan kaka ta karɓo sabon iri. Wanda sunansa bai fito ba, mota ba ta tsayawa a ƙofarsa. Iri kuwa ba littafi ba ne da za a ajiye a manta. Gyaɗa in ta kwana damina uku a tulu ba a shuka ta ba, ta zama abinci.

Ba zan taimaka wa ofishin nan ba. Amma tun da kin riga kin ɓata mini yini, ki bugo mini bayanin wannan DAX a takarda, da manyan haruffa, da abin da kika rubuta, da tebur ɗin manoman. Ki kuma gaya mini suna nawa tawa take fitarwa, suna nawa taki.

Abdulmutalib Sulle


Kano
Alhamis, 25 ga Janairu, 2024

Kaka Malam,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amarya tana gaida ango, ko da yake ban taɓa ganin angon da ya fara da faɗa kafin sallama ba. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. Baba da Umma suna gaishe ka da kyau. Baba ya ce yana tuna ka, wai kai ne ka taɓa kawo masa agogon roba daga Ingila.

Ga takardun da ka nema, shafi arba'in da huɗu. Mai buga takarda har tambayata ya yi ko makaho zan kai wa.

Bari in gwada yi maka bayani, ka gyara mini. A SQL kai ne kake cewa a kawo mini layuka kaza daga tebur kaza, a jera su haka. A DAX ba a yin haka. Allon ne yake riƙe da sunaye, ni kuma in rubuta ma'auni guda ɗaya, misali jimillar kwanon irin da aka girbe. Shi sai ya bi sunayen yana auna kowa, gwargwadon shekara ko ƙaramar hukumar da mai kallo ya taɓa. Shugabana yana so ya taɓa Rogo da yatsa ya ga Rogo kaɗai, da launi da taswira. Gaskiya yana da kyau, Kaka, da ka gani da ka yafe masa.

Na tsabtace tambayarka. Layi talatin da ɗaya ce, ta koma shida. Akwai wuraren da ban gane dalilinsu ba, musamman layi na ashirin da bakwai.

Taka tana fitar da suna ɗari biyu da goma sha tara. Tawa ɗari biyu da goma sha biyu. Na jera su gefe da gefe na samo bakwai ɗin, na ja musu layi da jan biro a shafi na ƙarshe. Dukkansu babu rahoton girbi a gabansu, wasu shekara biyu, wasu uku. Shugabana ya ce matattun layuka ne, wataƙila sun rasu ko sun bar noma, kuma allon ya yi mana aikin shara da kansa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Mutum ba ya rubuta layi talatin da ɗaya don nishaɗi. Shin in bar su su tafi, ko akwai abin da ban gani ba?

Ranar 20 ga Fabrairu za a buga jerin a ba direbobi, don a gama zagaye kafin azumi. Ka taimaka wa amaryarka kafin lokacin.

Kaka Mu'az yana fama da jiki, amma da sauƙi. Na gaya masa na samo ka. Na karanta masa farkon takardarka, sai ya yi dariya har da hawaye.

Jikarka,
Nuriyya


Unguwar Hajji, Karaye
Juma'a, 2 ga Fabrairu, 2024

Amarya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiya. Ki ce wa Nasiru agogon ba na roba ba ne, ƙarfe ne, shi ne ya wanke shi a randa.

Kwana biyar na yi a kan takardunki. Rabon da kaina ya yi aiki haka tun kafin a haife ki. Na manta da rediyo, tuwo ya huce a gabana sau biyu. Wannan harshe naku ba shi da ladabi amma yana da wayo. Namu kamar mai gari ne, ya aika a kira masa mutane su zo su zauna. Naku kamar mai awo ne a kasuwar Rogo, da kwano ɗaya a hannu, duk wanda ya miƙo buhu ya auna masa. Wanda bai miƙo komai ba, mai awo ba ya ɗaga kai, balle ya san ya zo kasuwa.

To nan bakwai ɗinki suka shiga. Yana shafi na sha tara na abin da kika aiko. In ma'auni bai sami abin aunawa ba, ba ya cewa sifili, fanko yake bari. Allon kuwa in ya ga fanko sai ya ɓoye sunan gaba ɗaya. Ni da gangan na haɗa tebur ɗin ta yadda kowane manomi zai fito ko da rahoto ko babu. Layi na ashirin da bakwai da ya dame ki, aikinsa ya ɗauko masu fanko ya ɗora su a saman jeri. Sifili yana nufin an shuka ba a samu ba, wannan mun ji labari. Fanko yana nufin ba wanda ya je ya tambaya. Ko an canja malamin gona, ko babur ɗinsa ya lalace, ko mai gonar yana kwance. Su ne ya kamata mota ta fara zuwa wurinsu.

Gyaran ba shi da wuya. A ƙarshen ma'auninki ki ƙara alamar tarawa da sifili, haruffa biyu, sunayen za su dawo. Sannan ki rubuta ma'auni na biyu da zai sa alama a kan wanda ba a ji daga gare shi ba, don kada su saje da masu sifili na gaskiya, ki jera allon da shi.

Yanzu dubi suna na huɗu. Murja Muntaka, Ruwan Bago.

A 1975, shekarar da kuturta ta cinye gyaɗa, ina ɗan shekara ashirin, ƙaramin malamin gona ne a kan keke. Daga Karaye har Rogo gonaki sun yi rawaya, ganye ya murɗe, shuka ta tsuguna ta ƙi tashi. Manoma sun daina gaishe ni, kamar ni na kawo ta a jaka. Wata ranar Laraba na ɓata hanya bayan Ruwan Bago, na ratso ta bayan wani gida, sai ga gayauna kore shar. Ba ta fi faɗin tabarma goma ba. Na sauka daga keke na durƙusa ina shafa ganyen. Na zaci zazzaɓi ne yake nuna mini. Sai na ji murya ta saman danga: "Kai mai keke, in gyaɗa kake so ka bari ta nuna. Ko ɓarayin birni da ganye suke farawa?"

Ita ce Murja, amarya ce a lokacin. Daga rugar iyayenta ta zo da irin, ƙulle a bakin zane. Ƙanana ne, jajaye da ɗan zanen fari, uku a kwanso. Ba ta da suna, ni na rubuta mata 'Yar Bago a littafi. Daga baya muka raba wa gidaje shida. Na duba tebur ɗin da kika aiko, shidan duk sun koma sabon iri. Wanda muka ajiye a ɗakin sanyi na ji labari ya mutu tun shekarar da injin sanyin ya tsaya wata huɗu. In tana nan a duniya, a tulun Murja take. Shekara biyu ba rahoto. Wannan ce daminar ƙarshe da za ta iya tsira.

Nakan ga gayaunar nan. Wani lokaci a tsakiyar ɗakin bene nake ganinta, ta tsiro tsakanin wayoyi, sanyi yana kaɗa ganyen.

Na ajiye biro na sake karanta takardarki don in ga ko na tsallake wata tambaya. Kin tsabtace. Ashe datti na bari. Wannan na yafe, yarinta ce. Amma kin karanta masa ranar da ya yanke ni, ya yi dariya har da hawaye. Shekara ashirin da takwas, har yanzu wasa ne a wurinsa. Yana zaune a Kano da ɗan ciwonsa mai sauƙi, jikarsa za ta kawo masa aikina a faranti, ofis ya yaba wa gidansu.

Wannan takarda ba za ta tafi yau ba. Zan sa ta a akwati. A zamaninmu sai ƙarshen Maris mota take fita, kuma ban taɓa ganin ofishin da ya cika ranar da ya sa ba. Irin da ya jira shekara arba'in da tara zai jira mako biyu.


Unguwar Hajji, Karaye
Juma'a, 2 ga Fabrairu, 2024

Nuriyya,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Na ga takardunki. Na san amsar tambayarki, haruffa biyu ne, suna nan a wurina. Ki gaya wa Mu'az in ya gama dariya ya ɗauki biro ya rubuto mini layi ɗaya da hannunsa. Ya san abin da zai rubuta. Ranar da Audu ya kawo mini, a ranar zai koma miki da amsa.

Abdulmutalib Sulle


Kano
Alhamis, 14 ga Maris, 2024

Kaka Malam,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ya ibada? Allah ya karɓa mana. Ya gwiwa? Ka yafe mini jinkiri.

Takardarka ta kwana ashirin a ɗakin mai gadin ofis. Ba na nan. Ranar 5 ga Fabrairu jikin Kaka Mu'az ya sake tashi, muka koma asibiti, ni da Umma muke karɓa-karɓar jinya. Sai 26 ga wata na dawo aiki na same ta.

Laifina ne da ban fito maka da magana ba. Tun watan Nuwamba ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun ba ya motsi. Magana sai mun kasa kunne mu tsinci kalma ɗaya cikin biyar. Na ce maka da sauƙi don haka ake cewa, kuma Baba ya hana a yi ta yaɗawa. Dariyar da ka ji haushi, Kaka, ita ce sautin farko da ya fito daga bakinsa cikin mako uku. Da na kai wurin da ka ce ƙarfe sha ɗaya na safe, sai ya yi ta bugun katifa da hannun hagu. Daga baya muka gane cewa yake yi, har lokacin ya riƙe, shi ne, bai canja ba. Umma ta fita tsakar gida ta yi kuka.

Ba zan ɓoye maka ba, da na karanta takardarka na yi fushi. Na ce tsohon nan ya sa ni a tsakiyar faɗan da aka fara ba a haife ni ba. Na jefa ta a jaka na yi mako ban taɓa ta ba. Sannan na karanta masa. Ya nuna biro da ido. Kwana huɗu yana gwadawa da hagu, Baba yana riƙe masa allon katako. Ga ta nan a ciki, ita ce ta fi fitowa. Mu mun karanta "ɗan mace ka yafe". Ban sani ba ko kai za ka iya.

Maganar jeri kuwa, ta wuce. Ina asibiti shugabana ya buga shi ranar 20 kamar yadda aka sa, da suna ɗari biyu da goma sha biyu. Motoci sun fita sun dawo tun makon jiya. An yaba da allon sosai, har an ce za a nuna shi a taro. Duk da haka ka aiko mini da haruffanka biyu, in gyara don baɗi. Bakwai ɗin nan suna nan a raina.

Jikarka,
Nuriyya


Unguwar Hajji, Karaye
Juma'a, 22 ga Maris, 2024

Nuriyya,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da shan ruwa. Ya mai jiki? Ba zan jira ki ce da sauƙi ba. Ni da kaina kullum haka nake ce wa mutane a kan gwiwar da ba ta bari in yi sujada. Na san abin da kalmar take rufewa. Na karanta ta yadda raina yake so ne.

Takardar Mu'az na gani. Harafin farko kaɗai na iya ganewa, sauran kamar sawun kaza a kan yashi. Ta isa. Ki ce masa ɗan mace zai zo ranar Lahadi, ya sa a share masa wuri.

A cikin ambulan ɗin nan akwai wata doguwar takarda mai kwanan wata 2 ga Fabrairu. Ita na fara rubuta miki, na sa a akwati na aiko da gajeriyar. Ki karanta ta kafin ki ci gaba da wannan.

Taki ta zo ranar Talata. Jiya Alhamis na bi Audu zuwa Rogo, daga nan na hau babur zuwa Ruwan Bago. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Duk watan Fabrairu na san haka. Kullum in na idar da sallar asuba sai in ce yau zan je in karɓo da kaina, sai in zauna. Don in na karɓo, ba ni da sauran abin da zan riƙe Mu'az da shi. Ban taɓa faɗa wa kaina wannan a fili ba sai a bayan babur ɗin nan.

Hanyar ta canja, amma tsamiyar bakin hanya da na sani tana nan. Gonaki a share, ana jiran ruwa. Ina tafe ina ganin kamar in na sha kwana zan tarar da koren nan, ko da yake rani ne kuma na san ba hankali a ciki.

Ɗanta Jibo ne ya yi mini iso. Shi ma ya yi furfura. Tana zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, ta ƙanƙance, idon ya yi fari. Na yi sallama na durƙusa da ƙyar.

"Wane ne wannan mai nishi kamar tsohon jaki?"

Jibo ya ce, "Inna, baƙo ne daga Karaye. Malam Abdulmutalib."

"Ban san shi ba."

Na ce, "Mai keke ne, Murja."

Ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Ɓarawon ganye! Kana raye? Ina keken?"

"Ya riga ni."

"Ai ya fi ka hankali. Ku kawo masa ruwa. Af, azumi ake. To zauna da ƙishinka."

Muka gaisa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, na yi mata ta'aziyyar mijinta Muntaka da shekara tara ta wuce ban zo ba. Ta ce ba komai, shi ma ba zai je tawa ba. Na kasa kawo maganar. Ita ta kawo.

"Don jar gyaɗar nan ka zo."

Na ce don ita.

Ta ce shekara biyu ke nan ƙafa ta hana ta zuwa gayauna. Jibo ya ce ba zai ɓata ƙasa da irin da ba ya cika buhu ba, kuma ba ta ga laifinsa ba, yana da baki goma sha ɗaya a gida. Malamin gonar da yake zuwa an mayar da shi wani wuri, ba a kawo wani ba. Sai ta zuba abin da ya rage a tulu da toka ta liƙe bakin da laka, ta ce masu farar mota za su zo, ba su taɓa fasawa shekara uku a jere ba.

"Wata ranar Asabar na ji motar. Ni ido ya tafi amma kunne yana nan. Na san kukanta. Na ce wa matar Jibo ta ɗauko mini mayafi. Ta taho, ta taho, ta rage gudu wajen kwalbati, na ce ga su nan. Sai ta wuce Beli. Da yamma ta dawo ta sake wucewa."

Jibo ya ce ya so ya bi su a babur, ta hana. Ta ce wanda ya san ƙofarka shekara talatin ya wuce, ba mantuwa ya yi ba, ya ƙoshi ne.

"Na ce to, abin da mutane ba sa so, Allah yana so. Ga azumi ya zo. Na sa aka fasa tulun."

Na tambaya ko an rage ko da cikin tafi ne. Ta kira matar Jibo ta tambaye ta a gabana. Matar ta ce wallahi Inna ke kika ce a haɗa duka. Na roƙa aka nuna mini inda aka zubar da ɓawon. Na durƙusa a bayan madafa ina tonawa da sanda, Jibo yana tsaye yana kallon gefe don kada in ji kunya. Kaji sun riga ni.

Da zan tafi ta ce, "Mai keke, kada ka sa a ranka. Ta yi gardi. Liman da kansa ya aiko a tambayi wace gyaɗa ce."

Ban gaya mata dalilin da mota ta wuce ba. Ke ma kada ki karanta wa Mu'az wannan. Ki ƙara haruffan a ma'auninki, sauran mutum shidan suna nan, wataƙila a same su. A layin Murja kuwa kada ki bar fanko. An je an tambaya. Ki sa sifili.

Kwano uku ne a tulun. An ɓare, an niƙa, an dama kunu an kai masallaci kwana biyar a jere. Na ƙarshen an sha shi ranar Juma'a, biyar ga watan azumi. Babu sauran 'Yar Bago.

Kakanki,
Abdulmutalib Sulle